Kwarin Furanni na Himalaya: Inda Kamfanin Yawon Ya Cika Alkawari da Inda Ya Gaza

Hoton da kamfanin ya sa a tallarsa shi ne ya ja ni tun farko: wani fili shimfiɗe a tsakanin duwatsu masu rawanin ƙanƙara, furanni ja da shuɗi da ruwan ɗorawa sun rufe ƙasa ruf, ba a ganin ko tsinken ciyawa. Yanzu da na je na dawo, ya kamata in faɗa wa mai karatu cewa an ƙara wa hoton gishiri, kuma wanda ya tafi da wannan hoton a ransa zai iya tsayawa a bakin kwarin ya ce an cuce shi. Ni kaina na faɗi haka a zuciyata cikin sa'ar farko. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne mutum guda, wato jagoran da kamfanin ya haɗa mu da shi, kuma a kansa ne hukuncina game da tafiyar baki ɗaya ya rataya.

Wurin da ake magana a kai shi ne gandun da ake kira Kwarin Furanni, a gundumar Chamoli ta jihar Uttarakhand da ke arewacin Indiya, wanda mutanen yankin suka sani da kwarin Bhyundar. Gwamnati ta mayar da shi gandun ƙasa a 1982, faɗinsa murabba'in kilomita 87.5, kuma a 2005 hukumar UNESCO ta haɗa shi da gandun Nanda Devi a jerin wuraren gado na duniya. Ƙasan kwarin, inda furannin suke, yana tsakanin mita 3,350 da 3,650 daga matakin teku. Don a gane nauyin wannan lissafi, dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda babu kamarsa a tsawo a duk Najeriya, bai kai mita 2,500 ba. Ana buɗe gandun ne daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Oktoba, amma furannin sun fi cika daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, wato daidai lokacin da daminar Indiya take kan ganiyarta, hanyoyi suna yankewa, duwatsu suna zubowa. Wannan ne dalilin da ya sa ni da abokin karatuna, wani Bakatsine da ya girme ni, muka ga gara mu biya kamfani ya ɗauki ɗawainiyar tafiyar a kan mu shiga da ka.

Tsarin da muka saya na kwana shida ne, daga garin Rishikesh da ke jihar a koma Rishikesh. Kuɗin ya ƙunshi mota, masauki, abinci sau uku a rana da jagora. Abin da bai ƙunsa ba, kuma ba a bayyana shi a fili ba sai a wasu ƙananan rubuce-rubuce na ƙarshen takarda, shi ne kuɗin shiga gandun ga wanda ba ɗan ƙasa ba, kuɗin alfadarin da zai ɗauki jaka, da ruwan zafi na wanka. A lokacin da muka je, baƙo yana biyan kusan ninki huɗu na abin da ɗan Indiya yake biya a ƙofar gandun, wanda ba laifin kamfanin ba ne, doka ce ta hukumar gandun daji. Laifinsa shi ne ya ga fasfonmu tun ranar rajista, ya san mu baƙi ne, amma bai ce uffan ba sai da muka isa gaban teburin tikiti.

Ranar farko mota ce zalla, kimanin kilomita 270 da suka ci mana sa'o'i goma sha biyu. Hanyar tana bin gefen kogin Alaknanda, ta ratsa Devprayag inda yake haɗuwa da Bhagirathi su zama kogin Ganga, sannan Rudraprayag da Karnaprayag, har zuwa Joshimath, garin nan da gidajensa suka tsattsage a farkon 2023 saboda nutsewar ƙasa, daga nan ta wuce zuwa garin Govindghat. Sau biyu muka tsaya jiran katafila ta kwashe ƙasar da ta zaftaro, kuma wannan babu wanda zai ɗora wa kamfani. Amma motar da aka yi mana alkawari mai kujeru goma sha biyu ce, aka cusa mu mu goma sha huɗu da jakunkuna a kan cinya, direba kuma guda ɗaya ne tun asuba har bayan isha'i a hanyar da gefenta rami ne mai zurfin gaske. Da abokina ya yi wa wakilin kamfanin magana, amsar da ya samu ita ce haka kowa yake yi. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, sai dai yawan masu aikata abu ba ya mayar da shi daidai, kuma a nan ne kamfanin ya fi faɗuwa a idona.

Washegari ƙaramar mota ta ɗauke mu daga Govindghat zuwa ƙauyen Pulna, tafiyar kilomita huɗu, daga nan kuma sai ƙafa. Kimanin kilomita goma ne zuwa Ghangaria, hawa ne kusan duka, a kan hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu, ana raba ta da alfadarai masu ƙararrawa a wuya da ayarin mabiya addinin Sikh masu zuwa ziyarar wurin ibadarsu na Hemkund Sahib, cikinsu har da tsofaffi tukuf da ke hawa suna addu'a da ƙarfi. Wanda ƙafarsa ba za ta iya ba yana da zaɓi uku: ya hau alfadari, ko ɗan dako ya goya shi a kwando, ko ya biya jirgi mai saukar ungulu da ke tashi daga Govindghat idan hazo ya bari. Mu mun ba alfadari jakunkuna, muka taka, sa'a shida da rabi. Shawarar jagoran a nan ta yi amfani ƙwarai: idan alfadarai sun taho, a matsa ɓangaren dutse, kada a kuskura a tsaya ɓangaren kogi, domin dabbar da ke ɗauke da kaya ba ta san faɗin kayanta ba.

Ghangaria ƙauye ne na wucin gadi a tsayin kusan mita 3,050, layi guda na masaukai da shagunan abinci da ake buɗewa da damina a rufe kafin ƙanƙara ta sauko. Duk abin da ke cikinsa, daga buhun shinkafa har tukunyar gas, a bayan alfadari ya hau, saboda haka tsadar kaya a can tana da hujja. Ɗakin da aka ba mu yana da gadaje huɗu, bangonsa yana tsattsafo da danshi, barguna masu nauyi ne amma ba su taɓa bushewa sosai ba, ruwan zafi kuwa bokiti-bokiti ake sayarwa. Na leƙa wasu masaukan na kusa, na ga bambancin kaɗan ne, don haka ba zan ce an ba mu mafi muni ba. Abin da na ƙi shi ne kalmar "masauki mai daɗi" da aka rubuta a talla. Da sun rubuta cewa ɗaki ne na kwana kawai, mai sanyi da danshi, da mun zo da zanen gadonmu da ƙarin safa ba tare da jin haushin kowa ba.

Abinci kuwa babu nama ko kaɗan, wanda ya sauƙaƙa wa Musulmi al'amari, tunda ba a shiga tambayar wane ne ya yanka. Shinkafa ce da miyar wake irin tasu, da gurasa mai cushen dankalin turawa da safe, da shayi mai madara da citta wanda na sha fiye da ƙima. A kan hanya kowace rumfa tana tallar Maggi, abokina ya yi ta mamakin yadda mutane za su zauna cin dunƙulen miya, sai da aka kawo kwano muka ga ashe a Indiya taliyar nan ce irin Indomie ake kira haka. Game da salla, babu masallaci a ƙauyen, a ɗaki muka riƙa yi muna kasaru, alƙibla kuma tana ɓangaren yamma, abin da jikin wanda ya saba fuskantar gabas yake ɗaukar lokaci kafin ya yarda da shi. Ruwan alwalar asuba yana sa yatsu su sandare. Mai masaukin, da ya fahimci abin da muke yi, ya riƙa ajiye mana ɗan ruwan ɗumi a butar shayi ba tare da ya karɓi ko rupi ɗaya ba, kuma na ga ya dace a rubuta masa wannan.

Shingen hukumar gandun yana ɗan gaba da ƙauyen, ana buɗe shi ƙarfe bakwai na safe. Ana rubuta sunan kowa da lambar fasfo, kuma dole kowa ya fito kafin ƙarfe biyar na yamma, domin ba a yarda a kwana a ciki ba. Alfadari ba ya wuce nan. A lokacin, tikitin yana aiki har kwana uku, bayanin da kamfanin bai yi mana ba, alhali daga baya shi ne ya zama mafi amfani a gare ni. Daga shingen ana gangarawa a tsallake kogin Pushpawati, sannan a kama wani hawa mai tsanani a cikin kurmi, kimanin kilomita uku zuwa huɗu, kafin duwatsun su buɗe a ga kwarin. An sake gina wani sashe na hanyar bayan ambaliyar watan Yunin 2013 da ta share gadoji da hanyoyin yankin, kuma har yanzu ana ganin tabon inda ƙasa ta zube.

Mun isa bakin kwarin wajen ƙarfe goma, ana yayyafi, hazo ya rufe duwatsun, abin da ke gabanmu kuma kore ne kawai mai ɗigon launi nan da can. Abokina ya dube ni ya ce, "Malam, a kan wannan muka karya ƙafafunmu? Ai bayan garinmu da damina ya fi nan fure." Jagoran bai ji Hausa ba, amma ya karanta fuska. Mutumin yankin ne, ɗan wajen shekara hamsin, Turancinsa a daddatse, ya ce mu ajiye wayoyi mu tsuguna. Ya ware ciyawa da sandarsa a wani wuri da bai fi faɗin tabarma ba, ya fara nunawa ɗaya bayan ɗaya, muna ƙirgawa, har muka kai iri goma sha ɗaya: wani shunayya mai ganye biyar da jijiyoyi kamar an zana da alƙalami, wani ja wur kamar jinin yanka, wani ƙanƙani shuɗi mai ɗigon rawaya a tsakiya wanda bai kai ƙwayar dawa biyu ba, wani mai lanƙwasasshen baki kamar na aku. Daga wannan tsugunon ne na gane cewa kwarin nan ba a kallonsa daga tsaye. Masana tsirrai sun ƙirga kusan iri 500 na masu fure a cikinsa, amma ba sa fitowa lokaci guda. Wasu suna buɗewa da zarar ƙanƙara ta narke a Yuni, su bushe kafin na Yuli su taso, na Agusta kuma su rufe na Yuli, ta yadda wanda ya zo yau da wanda zai zo bayan mako biyu kusan wuri biyu daban za su gani.

Furen da kowa yake tambaya shi ne shuɗin nan da Turawa suke yi wa kirari da sarauniyar furannin Himalaya, kuma da ba don jagoran ba da mun wuce shi, domin ba ya tsirowa a fili sai a tsakanin duwatsu inda ruwa yake tsiyaya. Ya kai mu gindin wani ƙaton dutse, ga su guda uku a kara ɗaya. Ganyen furen siriri ne kamar takardar da ake naɗe magani, launinsa irin na rigar da aka rina da baba ta sha wanki har ta yi haske, tsakiyarsa gungun zare ne ruwan zinare, karan kuma cike yake da ƙananan ƙayoyi. Ɗigon ruwa ya taru a bakin ɗayan har ya sunkuyar da shi. Na miƙa hannu, jagoran ya riƙe mini wuyan hannu a hankali ya girgiza kai. Tsinkar fure laifi ne a gandun, kuma ko taɓawa ba ya so. A kusa da wurin ya nuna mana wani tsiro da ya miƙe ya fasa kai tamkar gamsheƙa, har da dogon harshe, wanda ya sa abokina ja da baya yana salati kafin ya tabbatar ganye ne.

Akwai abin da jagoran ya yi mana bayani wanda ya daɗe yana yi mini yawo a kai, kuma duk wanda ya taso a inda ake kiwo zai fahimce shi. A sassa da dama na kwarin wata doguwar ciyawa mai farin fure ta mamaye ko'ina, tsawonta ya kai ƙirjin mutum, tana da kyau a hoto, amma tana danne ƙananan furannin da ake zuwa dominsu. Kafin a mayar da wurin gandu, mutanen ƙauyukan ƙasa suna hawo da tumaki da awaki su yi damina a nan, kuma a cewarsa dabbobin suna cin ciyawar suna tattake ta. Da aka hana kiwo sai ta samu sarari, yanzu hukuma tana biyan leburori su tuge ta da hannu kowace shekara, mun kuma ga tsibin wadda aka tuge a gefen hanya. Masana suna da saɓani a kan ko hana kiwon ne kaɗai sanadi, shi kuwa jagoran, wanda kakansa makiyayi ne a wannan kwari, ba ya shakka. Ban isa in raba gardamar ba, amma na ji daɗin cewa ya faɗa mana abin da ke damun wurin maimakon ya tsaya ga yabo.

Rana ta huɗu a tsarin kamfanin ta Hemkund Sahib ce, wurin ibadar Sikh da ke bakin wani tafki a tsayin sama da mita 4,300, hawan kilomita shida daga Ghangaria. A nan na raba hanya da ayari. Gari ya waye tas babu hazo, tikitina yana da sauran kwana, na ce zan koma kwarin. Wakilin kamfanin ya nuna rashin jin daɗi, ya ce jagora ɗaya ne kuma zai bi masu yawa, ya sa na rubuta a takarda cewa da raina na tafi. Ina ganin kamfanin da ya sa sunan Kwarin Furanni a kan tallarsa bai kamata ya ware wa kwarin yini ɗaya tak ba a lokacin da ruwa yake iya cinye yinin gaba ɗaya, ko kuwa aƙalla ya tanadi jagora na biyu ga masu son komawa. Abokina ya bi ayari, ya dawo da ciwon kai saboda ƙarancin iska, amma yana ta ba da labarin shayi da abinci mai zafi da ake raba wa kowa kyauta a wurin ibadar ba tare da tambayar addini ba, da kuma furen brahma kamal, wanda jihar Uttarakhand ta ɗauka a matsayin furenta, mai kama da ƙaramin kabeji fari, wanda ya fi son can sama.

Komawar ita ce mafi darajar yini a tafiyar. Na shiga tare da rukunin farko, na wuce inda muka tsaya jiya, kwarin ya buɗe gabana tsawon kilomita da yawa har zuwa ƙanƙarar Tipra inda Pushpawati yake fitowa, gangaren dama da hagu kuma sun yi ruwan hoda saboda wani fure mai taushin kara da yake cika wurin a ƙarshen Yuli. A nan na ga abin da ya yi kusa da hoton talla, ko da yake launi ɗaya ne ya rinjaya ba bakwai ba. Wata 'yar hanya ta kai ni kabarin Joan Margaret Legge, Baturiyar Ingila mai tattara tsirrai da ta zame daga dutse ta mutu a nan a 1939, 'yar'uwarta kuma ta zo daga baya ta kafa mata dutsen tunawa. Shekara takwas kafin mutuwarta, a 1931, Baturen Ingila mai hawan duwatsu Frank Smythe da abokan hawansa suka faɗo cikin kwarin bayan sun sauko daga dutsen Kamet, kuma shi ne ya yayata sunan da duniya ta san wurin da shi, duk da cewa makiyayan Bhyundar sun riga shi saninsa da daɗewa. Na zauna kusa da kabarin na ci gurasar da na ƙunso, wata 'yar dabba mai kama da ɓera marar wutsiya tana leƙowa daga ramin dutse. Damisar ƙanƙara da baƙin beyar da ake cewa suna gandun ban ga ko sawunsu ba, kuma babu mai hankalin da zai biya kuɗi da fatan ganinsu.

Idan aka ce in ba kamfanin maki, zan ba shi uku cikin biyar, kuma biyu daga cikin ukun na jagoran ne. Mota da ɓoye ƙarin kuɗi sun ci maki ɗaya, matse kwarin a yini guda ya ci ɗayan. Wanda zai sayi irin wannan tsari, daga kowane kamfani, ya tambayi abu huɗu a rubuce kafin ya biya: mutum nawa za a sa a mota da direba nawa, ko jagoran ɗan yankin ne da ya san tsirrai ko kuwa yaro ne da aka ɗauko daga birni don ya ƙirga kawuna, ko an yarda a shiga kwarin kwana biyu, da abin da baƙo zai biya a kan farashin talla. Ya riƙe takardun rupi a aljihu domin waya ba ta da tabbas a sama, ya sayi rigar ruwa ta gaske da takalmi mai kama ƙasa, ya kuma bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin dawowarsa da ranar jirginsa, tunda hanyar tana iya rufewa. Mai ciwon zuciya ko asma ko gwiwa ya fara ganin likita, musamman 'yan'uwanmu da suke zuwa Indiya neman magani su ga sun samu sauƙi su yi sha'awar yawo; wannan hawan ba na mai murmurewa ba ne.

A ranar saukowa, a Pulna, mun haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa muka ba jagoran a hannunsa, ba ta hannun wakilin kamfanin ba. Ya karɓa, ya ciro wani tsohon littafin aljihu da ruwa ya sha taɓawa, ya nemi in rubuta masa yadda ake cewa fure da harshenmu. Na rubuta "fure", na ƙara "furanni" a ƙasa, ya maimaita sau biyu, sannan ya juya ya kama hanyar Ghangaria, domin wani ayarin yana jiransa a sama kafin dare.